Iskar da Muka Binne a Gidan Injiniya

Duk wanda aka kawo mini koyon aiki a shagon nan na Dutse Alhaji, tambayarsa ta farko ita ce yaushe zai fara ɗura gas. A wurinku sana'ar ke nan, a saɓi tukunyar gas, a haye katanga, a murɗa, a sauko ana karkaɗe riga. Wani ma ya taɓa ce mini ai ya ga yadda ake yi a waya. To, madalla da waya. Ni dai Garba Mai Sanyi ake ce mini, na yi furfura a cikin aikin nan, kuma aikin da na fi alfahari da shi ko ɗigon gas babu a cikinsa. Shi zan ba ku labari. Sunayen masu gidan na sakaya su, za ku ji dalili a gaba.

A Kaduna na koyi aiki, a hannun wani mutumin Ibo, Oga Emma, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Mutum ne mai faɗa, amma ba ya ɓoye sani. Na daɗe a wurinsa ban taɓa geji na awon gas ba, aikina wanke kwandansa da goge sifana da naɗe tiyo. Ranar da ya ga dama ya fara koya mini, sai ya kama hannuna ya ɗora a bayan wani firji da ke aiki, ya ce me na ji. Na ce zafi. Ya ce, "To, wannan zafin daga cikin firjin ya fito. Babu wanda yake yin sanyi, Garba. Zafi muke kwashewa mu kai wani wuri. Kullum ka tambayi kanka ina za ka kai shi." Na riƙe maganar, amma sai da na zo Abuja na yi shekaru kafin na gane faɗinta.

Wata rana da bazara wani dattijo ya tsaya da mota a ƙofar shagon nan, ya ce ni yake nema. Injiniya Lawal ke nan, ya kusa ajiye aiki a wata ma'aikatar tarayya, yana gina gidan da zai zauna a hanyar Bwari, kafin a kai Ushafa. Na ɗauka AC zai ce in jera masa a kowane ɗaki, har na fara lissafa bututun jan ƙarfe a raina. Sai ya ce ba ya son AC ko ɗaya a ɗakin matarsa. Hajiya Binta tana da asma. Iskar AC tana shaƙe mata ƙirji, zafin watan Maris kuma ba ya barinta ta runtsa. Duk bazara sai ta tattara ta tafi Jos wurin ƙanwarta, ta bar shi da yara a gidan gwamnati. Ya ce, "Malam Garba, yara sun girma sun watse. Gidan nan don mu biyu nake gina shi. Ba na so in ƙare shi in zauna a ciki ni kaɗai."

Na ce to in ba AC ba sai fanka, fanka kuwa da bazara iskar zafi take kaɗawa. Ya yi murmushi, ya tambaye ni ko na taɓa shiga rijiya. Na ce ina yaro na sha shiga ciro guga. Ya ce yaya can ƙasan yake da tsakar rana? Na ce da sanyi. Da asubar lokacin sanyi fa? Sai na tuna ruwan rijiya da ɗumi yake fitowa a irin wannan lokacin. Ya ce to shi ke nan, ƙasa can ciki ba ruwanta da abin da rana take yi a sama. In aka binne bututu mai tsawo, aka ja iska ta cikinsa, da zafi za ta fito da sanyi-sanyi, da sanyi kuma ta fito da ɗumi. Ya gani a wata ƙasa da ya je kwas, ya karanta, ya zana. Ni kuwa a raina na ce boko ya yi wa bawan Allahn nan yawa. Na karɓi aikin ne kawai don ba a mayar da aiki.

Bututun roba na ce a saya, shi ya ce na ƙasa yake so, irin ƙasar randa. Muka tafi Ushafa wurin wata tsohuwa Bagwariya mai ginin tukwane, Mama Saratu. Ta saurare shi har ya gama, tana ta murza yumɓu ba ta ɗago ba. Sannan ta ce, "Oga, kana so tukunya wanda ba shi da gindi, ba shi da murfi. Wane abinci za ka dafa a ciki?" Ya ce iska. Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni ma na taya su. Amma ta yi. Guntu-guntu ta gina su, kowanne kamar tsawon hannu, baki ɗaya ya fi ɗaya faɗi don su shiga juna. Bayan an gasa, kowane guntu sai ta ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa ta kara kunne. Wanda bai yi mata ƙara mai daɗi ba, a gabanmu take fasa shi, ko da mu ba mu ga tsaga ba. Injiniya ya taɓa cewa ta bar wani, ai lafiyarsa lau. Ta ce, "Kai za ka rufe shi a ƙasa ka manta. Ni sunana yana ciki."

Haƙan ramin shi ne wahalar. Kun san ƙasar wannan yankin, in ka yi ƙasa kaɗan sai dutse. Leburori muka ɗauko daga Mpape, waɗanda suka saba da fasa dutse, da diga da guduma da kurfi. Ramin ya fi tsayin mutum zurfi, ya zagaya filin bayan gida kamar maciji ya yi kwance. Aikina shi ne gangara. Dole bututun ya ɗan sunkuya zuwa gefe guda, don raɓar da iska za ta zubar a ciki ta gangara wani ɗan rami mai tsakuwa, kada ta kwanta. Da tiyon ruwa na awon magina na bi shi guntu bayan guntu, ina durƙushe a cikin rami, ƙasa na zubo mini a wuya. In ka kuskure kaurin yatsa a wuri ɗaya, ruwa zai taru, ɗaki ya cika da warin rima, mai asma kuwa ka gama da ita. Wannan awon babu wayar da za ta yi muku shi.

A ƙarshen filin, ƙarƙashin wasu bishiyoyin mangwaro da Injiniya ya tarar a wurin ya hana a sare, muka gina wata 'yar hasumiya mai hula, tsayinta kamar ƙirjina. Ta nan iska take shiga. Na sa mata raga biyu, mai faɗin ido saboda ɓera da maciji, mai ƙananan ido saboda sauro. A ɗaya ƙarshen na ɗaura ƙaramar fanka wadda batir ɗin sola yake ja ba tare da ya ji nauyinta ba, na fitar da bakin iskar a bangon ɗakin Hajiya, ƙasa-ƙasa, kusa da inda gadonta zai zauna, na rufe shi da 'yar raga. Da aka mayar da ƙasa, Injiniya ya sa aka shuka ciyawa da gwaiba da lemun tsami a kai. Ya ce inuwa da danshi su ne rabin aikin, in ƙasar ta bushe rana ta dake ta, zafin zai bi ta har ya isa bututun.

Ranar gwaji tsakar rana ce, irin wadda kwalta take laushi. Na kunna fankar na tsaya ina jiran in ji kunya a madadinsa. Da farko ƙura ta fito da warin sabuwar tukunya. Can sai na kai bayan hannuna bakin ragar, na ji wata iska mai laushi, ba sanyin AC mai cizo ba, sanyi irin na zauren ƙasa na gidan kakanni. Hajiya ta shigo a hankali, ta zauna a kan bulo, don ko kujera ba a kawo ba. Ta ja numfashi, ta sake ja, tana jiran tarin da bai zo ba. Sai ta ce, "Malam Garba, wannan ai ƙamshin randar kakata ne." Injiniya ya juya yana duba fanka, wai yana neman wata ƙusa da ba ta ɗauru ba. Ni kuwa na tuna Oga Emma, na ce ashe ƙasa ma wuri ce da ake kai zafi.

Kada ku ce daga nan komai ya tafi sumul. Daminar farko wani idon ruwa ya ɓalle daga gindin dutsen da ke bayan gidan, ramin tsakuwar ya cika, ruwa ya komo cikin bututu. Muka tone wancan gefen a cikin taɓo, muka yi wa ruwan hanya ya wuce waje. Wata shekara gara ta gina gida a cikin hasumiyar. Duk ƙarshen damina ina zuwa in wanke raga, in zura igiya da tsumma in share cikin bututun, in shafa wa fanka mai. Aiki ne mai son a kula da shi, kamar kiwon akuya. Amma shekara da shekaru Hajiya ba ta ƙara yin bazara a Jos ba. Da sanyi kuma, lokacin da gwiwoyinta suke damunta, ɗakin da ɗuminsa take tashi sallar asuba. Injiniya ya sha kawo abokansa su gani. Su sa hannu a raga, su ce ikon Allah, su fita su kira ni in sa musu AC. Abin da ba a gani daga bakin titi, mutanen garin nan ba su cika sonsa ba.

Sai shekarar da suka tafi aikin Hajji su biyu. Kun san al'ada, in iyaye suka tafi, 'ya'ya sukan gyara gida kafin su dawo, a yi fenti, a canza labule, don mahajjaci ya sauka a wuri mai kyau. Babban ɗansu Faruk yana aiki a Legas, Allah ya buɗa masa, ga shi yaro mai son iyayensa. Lokacin da muka binne bututun yana karatu a waje. Shi da ƙannensa abin da suka sani shi ne Baba yana da wani gwaji a bayan gida, suna tsokanarsa da shi in sun zo hutu. A ganinsu dabara ce ta mai ƙaramin ƙarfi, ta lokacin da albashi bai isa a saya wa Mama abin kirki ba. Ciwon uwar kuwa sun manta da shi, don sun daɗe ba su ji ta yi tari ba, ita kuma ba mai faɗa wa 'ya'ya ciwonta ba ce.

Ana saura 'yan kwanaki su sauka Faruk ya kira ni, ya ce in zo in ɗaura AC. Na ɗauka na falo ne. Da mai gadi ya buɗe mini ƙofa, sai na tsaya da jakar kayan aiki a hannu na kasa gaba. Babu mangwaro, babu gwaiba, babu ciyawa. Tun daga ƙofa har katangar baya bulon daɓe ne na intalok, ja da toka, an jera shi tsaf, ga rumfar mota mai ɗaukar motoci da yawa. Inda hasumiyata take an kafa tankin ruwa. A gefe guda na hangi murfin sabon sokawe, ramin ruwan banɗaki, daidai kan inda bututun ya yi kwana. Can jikin katanga ga tarin ɓaraguzai ana jiran motar kwasa, a ciki na ga jajayen gutsattsarin da na sani. Na ɗauki ɗaya, har da shaidar babban yatsan Mama Saratu a bakinsa.

Faruk ya fito da fara'arsa, ya kama hannuna da hannu biyu.

"Baba Garba, ya ka ga wurin? Safrais za mu yi musu. Wallahi Daddy ba zai gane gidansa ba."

Na ce, "Ba zai gane ba kam. Faruk, bututun fa?"

"Wai tukwanen nan? Ai da tifa ta shigo da yashi ƙasa ta lotsa, masu aiki suka tono su duk sun farfashe. Kada ka damu, an wuce wannan zamanin. Na saya wa Mama AC inbata, babba, na ƙara sola. Ta sha wahala da mu, yanzu lokacin hutunta ne."

Idonsa har ya kawo ruwa da ya faɗi haka. Abin da ya fashe ya riga ya fashe, kuma ba a bakina ya kamata ya ji sauran ba. Na ɗaura AC ɗin a ɗakin Hajiya, sama da 'yar ragar da masu fenti suka shafe da farin fenti. Ban taɓa ɗaura na'ura hannuna yana yi mini nauyi kamar ranar ba.

Ina cikin masu taryarsu, don Injiniya ya ɗauke ni kamar ɗan gida. Gida ya cika, 'ya'ya da jikoki da maƙwabta, ana ta guɗa. Ya sauko daga mota da farar jallabiya, ya tsaya. Na ga idonsa ya tafi inda mangwaron yake, ya dawo kan tankin, ya sauka kan murfin sokawe. Mutumin da ya zana wurin da hannunsa ba ya bukatar a yi masa bayani. Ya buɗe baki, sai Hajiya ta ɗan taɓa hannun rigarsa. Faruk ya durƙusa a gabansu ya ce, "Daddy, Mama, ga ɗan abin da muka iya." Hajiya ce ta fara magana. Ta ce, "Kai, masha Allah! Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku." Injiniya ya ɗora hannu a kan ɗansa ya ce amin, ya ƙara da tasa albarkar, muryarsa ba ta ko girgiza ba.

Bayan baƙi sun watse da kwana biyu Injiniya ya kira ni. Muka zagaya filin, zafin intalok yana ratsa takalmi duk da damina ce. Ya ce, "Malam Garba, gaya mini gaskiya, zai gyaru?" Na ce sai an ɗaga intalok ɗin bayan gida gaba ɗaya, a tashi sokawe, a sake haƙa. Mama Saratu ta rasu, 'ya'yanta tukwanen fulawa suke yi wa masu otal, amma ana iya sa na roba, zai yi aiki ko bai kai wancan ba. Inuwa ce dai sai an jira bishiya ta girma. Ya ce ko shekara nawa ne zai jira, in nemo leburori.

Ashe Hajiya tana bakin taga tana jinmu. Ta ce, "Alhaji, ba za a ɗaga ko bulo ɗaya ba."

Ya ce, "Binta, bazara tana zuwa."

"Na sani. Yaron nan ya tara abin da ya tara ya yi mana don mu yi farin ciki. In ka fasa, ka gaya masa ke nan ya rushe abin da yake riƙe da numfashin uwarsa. Da wane ido zai ƙara kallona? Zai ɗauki wannan har ya tsufa. Ni na san hanyar Jos." Ta juyo gare ni. "Malam Garba, kai ma amana na ba ka."

Injiniya ya yi ta lallashi har damina ta wuce. Ya ce a yi a gefe, a ce gyaran famfo ake yi. Gefen kuwa dutse ne zalla, na sa an gwada, diga tana tashi da wuta. Ya ce to shi zai gaya wa Faruk da kansa cikin hikima. Ta ce in ya faɗa ba ta yafe ba. Mutumin da ya shawo kan dutse da idon ruwa da gara, ya kasa shawo kan wannan.

Da zafi ya kama, Hajiya ta gwada AC ɗin sau ɗaya, don kada a ce ba ta gwada ba. A asibiti ta kwana. Aka gaya wa yara wai maleriya ce. Da aka sallame ta, ya kai ta tasha da kansa da akwatinta, kamar yadda yake yi a zamanin gidan gwamnati. Tun daga shekarar, in Fabrairu ya raba sai ta tafi, ba ta dawowa sai ruwa ya zauna. Yaran suna cewa Mama dai da son 'yan'uwa take. Shi kuma ba ya bin ta, ya ce gidan suruki ba wurin zaman dattijo ba ne, kuma wa zai bar wa gida.

Abin yana ci mini rai har yau, ba zan ɓoye muku ba. Ba wanda ya yi mugunta a cikin labarin nan, shi ya sa ma babu wanda zan ji haushi in huce. Na ɗaura na'urori a gidajen da ban iya tuna yawansu ba, duk wanda ya wuce yana ganinsu a jikin bango. Guda ɗaya da na yi wanda ya canza zaman mutum biyu, yana ƙarƙashin rumfar mota a farfashe, kuma tun daga shi ba wanda ya sake neman in yi masa irinsa. Ku da kuke sauri ku ɗura gas, in kun shiga gidan mutane ku riƙa tambaya kafin ku taɓa abin da kuka tarar, ko da kun ga kamar tarkace ne.

Har yanzu duk farkon bazara Faruk yana kirana daga Legas. "Baba Garba, don Allah a je a yi wa AC ɗin Mama sabis, kada ta sha zafi." Ina zuwa. Injiniya yakan buɗe mini ɗakin da kansa, ya zauna a bakin gadon da aka lulluɓe da zani. In hau tsani in buɗe na'urar, in ciro ragarta in wanke, ko da yake babu abin wankewa. Wannan karon da na sauko sai na tarar ya sunkuya, ya kai bayan hannunsa jikin 'yar ragar nan ta ƙasa da aka shafe da fenti. Da ya ga na gan shi, ya janye hannun ya gyara hularsa.

Ya ce, "In Faruk ya kira ka, ka ce masa AC ɗin yana aiki lafiya."

Na ce to, ranka ya daɗe. Na mayar da rimot ɗin cikin ledarsa, na ajiye a inda na ɗauka.